Ranar da Baba Ya Bi Shawarar Baffa

Baffana, ƙanin mahaifina, ba ya amsa tambayar yau da amsar yau. Ka ce masa, "Baffa, ya ka ga masarar nan?" sai ya ɗaga kai ya kalli can bayan ƙeyarka, ya gyara murya, ya ce, "To, nan gaba..." Tun muna yara muka laƙaba masa Baffa Nan Gaba. Sunan ya bi shi har wurin aiki, kuma ban taɓa ganin ya ji haushi ba. In ka tambaye ni ma, daɗi yake ji.

Shekara talatin da biyu ya yi a ofishin ƙididdigar noma, hawa na uku, ɗakin ƙarshe wanda ba mai leƙawa sai wanda ya ɓata hanya. Aikinsa shi ne ya zauna ya hango abin da noma zai zama nan da shekara goma, sha biyar, ashirin: bakuna nawa za su ƙaru, me za su so ci, wane amfanin gona zai yi daraja, wanne zai zube, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa zai tsaya ko zai ja da baya. Na taɓa tambayarsa su wa ke karanta abin da yake rubutawa. Ya ce, "Manya." Na ce waɗanne manyan? Ya ce, "Waɗanda za su zo."

Na san ɗakin nan kamar yunwar cikina, don lokacin da nake makaranta a cikin gari, nan nake jiransa mu tafi gida. Tebur biyu ne aka haɗa, sai kabad uku na ƙarfe da ba sa rufuwa, da taswira a bango wadda rana ta cinye launinta har koguna sun ɓace. Fankar sama gudu ɗaya ta sani, ko dai ta tsaya cak ko ta kwashe duk takardun duniya. Saboda haka Baffa ya tara duwatsu, kowane tarin takarda da dutsensa. Akwai dutsen masara, akwai na wake, akwai wani baƙi mai nauyi na ruwan sama. Ranar da mai shara ta musanya su, ba a zaman lafiya a hawa na uku. Da aka kawo masa kwamfuta, sai ya bar ta ta gama lissafinta, sannan ya ɗauko rula da fensir ya bi sawunta. Ya ce yarinya ce mai ƙoƙari, gaggawa ce dai ta yi mata yawa.

A gida ma haka yake. Lokacin da zai yi gini, ya zauna ya yi hasashen 'ya'ya uku zai haifa, ya yi ɗaki uku cif, Allah ya ba shi bakwai. Inna, matarsa, ta ce tun da aka kawo ta gidan bai taɓa faɗa mata lokacin dawowarsa da kalma ɗaya ba. "Sai ya ce ƙarfe biyu, in an samu cunkoso uku, in taro ya yi tsawo biyar. Ni dai na koyi ɗora tukunya ƙarfe huɗu, kowa ya huta."

Akwai wani ƙaramin aiki da ofis ya ɗora masa wanda yake yi da gunaguni. Duk shekara kafin shuka, sai a tura shi gidan rediyo ya yi minti biyar yana faɗa wa manoma abin da ake sa ran zai yi kuɗi bana. Ya ce hasashen shekara ɗaya wasan yara ne, bai kai a cire wa fensir murfi ba. Amma in ya shiga kasuwa wani ya ce, "Kai, wannan muryar ba ita muke ji a rediyo ba?" sai ka ga tafiyarsa ta canza, ya sayi abin da Inna ba ta aike shi ba.

Mahaifina kuwa, Baba, manomi ne tun tasowarsa, ya girme wa Baffa da shekara goma. Shi ya tsaya masa ya yi karatu bayan rasuwar kakanmu, kuma har yau Auta yake ce masa, duk da furfurar da ta cika masa kai. Ranar da Baffa zai yi magana a rediyo, Baba ba ya zuwa gona da wuri. Zai zauna a rumfa ya ɗora rediyo a cinya, ko kaza ta yi kuka sai ya harare ta. Idan Baffa ya ce bana tumatir ne zai yi daraja, sai Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla da Auta, Allah ya ƙara basira." Washegari da sassafe ya aike ni sayo irin albasa. Idan Baffa ya ce wake, Baba ya shuka gyaɗa. Idan ya ce a guji masara za ta yi yawa, mu kuma a shekarar masara za mu cika gona da ita. Kuma ba mu taɓa faɗuwa ba.

Kowa a gidanmu ya san wannan, har surukai. Ba wanda ya ce a ɓoye, amma ba wanda ya taɓa faɗa. Baffa kuma duk Asabar yana zuwa, ya ratsa gonar da fararen kayansa, hannu a baya, ido na can nesa inda ƙasa ta haɗu da sama. Shekara ashirin yana wannan zagaye bai taɓa duban abin da yake takawa ba.

Ni na fasa ƙwan, kuma ba na alfahari da hakan. Ni ce babbar 'yar Baba. Da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, ni na karɓi yawancin aikin, don mijina direba ne, rabin shekara yana kan hanya. Ina da aiki, ina da haƙuri daidai gwargwado, amma bakina ba shi da birki. Wata Asabar tun safe ina durƙushe a rumfa ina ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, bayana kamar zai ɓalle, idanuna suna zubar da ruwa. Baba ya tafi asibiti a duba masa ƙafa. Sai ga Baffa, ya ja kujera ya zauna a inda iska ke kaɗawa, ya fara yi mini nasiha.

"'Yata, kin ga gonar nan? Shekara ashirin Yaya bai taɓa kuka da kasuwa ba. Kin san sirrin? Yana da kunne. Ke ma in kina son ki gaje shi, ki koyi sauraron masana."

Na ce, "Baffa, bana me ka ce a shuka?"

"Tumatir mana."

Na ɗaga abin da ke hannuna. "To wannan fa, mene ne?"

Ya kalli albasar, ya kalli tulin da ke bayana, ya juya ya kalli buhunan da aka jera har rufin rumfa. Da na yi shiru a nan, da ya samo wa kansa wani bayani. Amma na riga na hau, sai na ƙarasa. Na ce, "Duk abin da ka faɗa a rediyo, Baba akasinsa yake yi. Tun ina goyon ɗan farina."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ciro ɗan littafi da biro daga aljihu, ya ce in faɗa masa abin da muka shuka shekara bayan shekara. Ina faɗa yana rubutawa, yana sa nasa hasashen a gefe, don duk ya haddace su. Cikin shekara ashirin, sha bakwai Baba ya saɓa masa. Ukun da suka rage muka bi diddigi: biyu Baffa yana hutu wani ne ya karanta, ɗaya kuma batirin rediyonmu ne ya mutu.

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, "Sha bakwai cikin sha bakwai. Ko a littafi ba a samun irin wannan daidaiton." Ya mayar da biron aljihu bai rufe shi ba, na ga tawada tana yaɗuwa a farar rigar, na kasa gaya masa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, gajiya ce." Ya ce ba komai, ai gaskiya na faɗa, kuma mai ƙididdiga ba ya fushi da gaskiya. Ya roƙe ni kada in gaya wa Baba cewa ya gano, ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Wata biyu bai tako gonar ba. Duk Asabar Baba sai ya ce, "Shin Auta lafiya kuwa?" in ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ana nan sai maganar gonar tudu ta taso. Babban fili ne a bayan gidanmu, ya fi duk sauran gonakinmu girma. Baba ya ce ya gaji da noman da sai an sake shi duk shekara, yana son ya dasa itatuwa, abin da zai bar mana ni da jikokinsa. Abu biyu ne a gabansa. Ko ya haƙa rijiyar burtsatse ya dasa lemo kamar yadda maƙwabta suka fara yi, ko ya dasa kashu wanda ba ya bukatar ban ruwa sosai in ya kama ƙasa. Ba irin shawarar da za a gyara baɗi ba ce. Duk wanda aka dasa, shi za mu ci ko mu yi kuka da shi shekara ashirin, talatin, kuma ƙarfin Baba bai kai ya yi biyun ba. Ya ce mini, "Je ki kira mini Auta, ko yana fushi da ni ne ya zo ya faɗa."

Na same shi a hawa na uku, fanka tana ta aikinta. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya miƙe ya buɗe kabad, ya ɗauko wani rahoto mai kaurin bulo. Shekara shida ya yi yana haɗa shi. Ya buɗe ya nuna mini zane bayan zane, yana bi da yatsa. Rijiyoyin yankinmu suna ƙara zurfi kaɗan kaɗan kowace shekara. In aka ci gaba da haƙa, nan da shekara sha biyar sai an ninka zurfin kafin a samu ruwa, man injin kaɗai zai cinye ribar lemon. Ga shi kowa lemo yake dasawa, duk za su nuna lokaci ɗaya su haɗu a kasuwa ɗaya. Kashu kuwa yana jure ƙishi, yana ajiyuwa, masu neman sa suna ƙaruwa. Ban taɓa jin Baffa ya yi magana ba tare da "sai dai" da "in har" ba sai ranar.

Na ce, "To shi ke nan, ka zo ka ce masa kashu."

Ya rufe rahoton. "In na ce kashu, lemo zai dasa."

Muka kalli juna. Shi ya fara kawo dabarar, amma ni na ƙarfafa masa gwiwa, ba zan ɗora masa shi kaɗai ba. Ya ce tunda alƙaluma sun nuna Yaya akasin maganarsa yake yi sau sha bakwai cikin sha bakwai, to hanya mafi aminci ita ce ya ce masa lemo. Na ce wallahi Baffa wannan dabara ta yi, ashe karatun yana da rana. Har na ji kaina ya yi girma, ni da masanin hawa na uku muna tsara makomar gida.

Ranar Asabar ya zo. Baffa bai iya ƙarya ba, duk wanda ya san shi ya san haka. Ya zauna gaban Baba yana ta share goshi alhali akwai iska, ya sha ruwa kofi biyu, ya tambayi lafiyar ƙafa sau uku. Baba ya jera masa maganar, ya ce, "To Auta, me ka gani?"

"Lemo, Yaya. A haƙa rijiya a dasa lemo."

Baba ya jira sauran maganar, bai ji ba. Ya ce, "Shi ke nan? Ba wani 'amma'?"

"Babu."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Madalla da Auta, Allah ya ƙara basira." Da jin haka na ƙifta wa Baffa ido ta bayan Baba, don wannan ita ce addu'ar da aka saba yi kafin a saɓa masa. Na raka shi bakin titi muna ta murna kamar mun ci jarrabawa. Har na fara tambayar inda ake sayar da dashen kashu mai kyau.

Ranar Alhamis da hantsi ina ban ruwa a gonar ƙasa na ji rugugin mota. Na ɗago, sai ga ƙatuwar motar masu haƙa rijiya tana hawa gonar tudu, da bututu jibge a bayanta. Na yar da tiyo na ruga. Na tarar da Baba ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya dogara sanda, yana nuna wa mai haƙar inda zai kafa injin. Ina isowa na ji yana ce masa, "Ƙanena ne ya ce a haƙa. Ka san shi ai, wanda ke magana a rediyo. Shekara talatin yana wannan aikin, ofishinsa a hawa na uku." Yadda ya faɗi hawa na ukun nan, ka ce shi ya gina benen.

Na ja Baba gefe. "Baba, lemon za ka dasa da gaske?"

"To me Auta ya ce?"

"Ai na ga... ka saba..."

Ya kalle ni ta ƙasan ido. "Wancan daban, wannan daban. Je ki kawo wa mutane ruwan sha."

Ban je ɗebo ruwa ba, bayan rumfa na zagaya na kira Baffa a waya. Kalma huɗu na faɗa masa: "Baba ya bi shawararka." Na ji wani abu ya faɗi ƙasa, ina jin ɗaya daga cikin duwatsun ne.

Kafin ya iso an kafa injin, an fara huda ƙasa, ƙura ta tashi, ƙara ta cika ko'ina. Sai ga Baffa a bayan babur ɗin haya, shi da ya ce alƙaluman haɗari ba za su taɓa barinsa ya hau babur ba. Ya rungume rahoton nan a ƙirji, takalminsa ɗaya ya kwance. Ya sauko yana ɗaga hannu yana ihu a tsaya, ba mai jin sa. Sai da ya kama rigar mai haƙar ya jijjiga shi sannan aka kashe injin. Wurin ya yi tsit, har kunnena yana ƙugi.

Baba ya ce, "Auta, lafiya? Wani abu ya samu yara?"

Baffa ya durƙusa a cikin ƙurar da kayan ofis ɗinsa. "Yaya, ƙarya na yi maka. Ba lemo ba ne, kashu ne. Ga shi nan a rubuce, shekara shida ina aikinsa. In ka haƙa rijiyar nan, jikokinka ne za su sha wahala."

"To me ya sa ka ce lemo?"

Baffa ya sunkuyar da kai. "Na san duk abin da na faɗa, akasinsa kake yi. Na ce bari in juya maganar, in ka juya ta sai ta dawo daidai."

Baba bai tambayi wanda ya gaya masa ba. Ya juyo ya kalle ni kawai, na ji dama ƙasa ta tsage in shige, ga rami ma an fara. Ya ce wa mai haƙar shi da mutanensa su ɗan ba mu wuri. Ya zauna a kan tulin bututu, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

"Tashi, Auta, kana ɓata wandonka. Zo nan." Baffa ya matso. "In ka ce tumatir a rediyo, mutum nawa ke jin ka?"

"Ban sani ba, Yaya. Ba na jin suna da yawa."

"Ba ka sani ba? Daga nan har bayan kogi, ba gidan manomin da ba a kunna rediyo ranar. Kana cewa tumatir, kowa ya ruga tumatir. Kaka ta yi, tumatir ya cika kasuwa har awaki su ƙoshi, albasa kuma a neme ta a rasa. Ranar da ka faɗi maganarka daidai take, yawan mabiya ne ke lalata ta. Da ban yarda da kai ba, ta yaya zan san inda jama'a za su nufa har in kauce? Duk garin nan ba wanda ya kai ni sauraronka."

Baffa ya kalli rahoton da ke hannunsa. Daga baya ya gaya mini wannan abin yana cikin littattafan da ya karanta, har ya taɓa koyar da shi ga sababbin ma'aikata, da zanensa da komai. Bai dai taɓa kawowa a ransa cewa muryarsa ce ke juya kasuwar ba. A wurin dai, abin da ya ce shi ne, "Ashe ana ji na?"

Baba ya ce, "Ana jin ka fiye da kima. Amma wannan ba a rediyo ka faɗa ba, ni kaɗai ka faɗa wa, a gidana, na tambaye ka sau biyu. Abin shekara ɗaya ni da kasuwa mun san halin juna. Shekara ashirin kuwa ba ni da idon ganinta, kai ne ka ƙarar da ƙuruciyarka kana kallonta. Don wannan ranar na kai ka makaranta, Auta. Da ka ce in dasa duwatsu, da na dasa."

Nan Baffa ya fashe da kuka, dattijo mai 'ya'ya bakwai, rahoto a hannu, hawaye suna yin hanya a cikin ƙurar fuskarsa. Ni ma na taya shi, don ni na fi shi laifi. Baba ya bar mu muka yi mai isarmu, sannan ya ce, "To ya isa haka, mutane suna kallo. Yanzu wanne ne na gaskiyar? Ka faɗa da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

"Kashu, Yaya."

"Ba juyi a ciki?"

"Wallahi babu."

Baba ya kira mai haƙar ya ba shi haƙuri, ya sallame shi. Mutumin ya kwashe bututunsa yana mita, yana cewa shekara goma sha biyar yana wannan sana'a bai taɓa ganin gidan da ake haƙa rijiya da kuka ba. Ni kuma kwana uku Baba bai kira ni da sunan da ya saba ba, sai dai ya ce, "Ina mataimakiyar masana? A kawo mini shayi." Damina na sauka muka dasa kashu ɗari huɗu.

Yau shekara biyu ke nan. Baffa ya yi ritaya, ya bar wa wanda ya gaje shi duwatsun da bayanin kowanne a rubuce. Lemon maƙwabta ya yi kore shar, gwanin sha'awa, injinansu suna ta aiki safe da yamma. Namu kashun kuwa bai wuce ƙirjina ba, wasu ma kamar sandunan kiwo. Masu wucewa sukan tsaya su ce, "Sannunku da dashen tsinke!" Baba ko a jikinsa, yana rumfa yana cin gyaɗa, ya ce Auta ya riga ya faɗa, magana ta ƙare. Wanda abin ya hana sakat shi ne Baffa. A da, ranar Asabar kaɗai yake zuwa, yanzu har Talata da Alhamis. Ya bi layi layi yana taɓa ganye, ya leƙa ta kan shinge ya kalli lemon mutane, ya dawo ya sake tambayata yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, alhali tare muka fake masa.

Makon jiya ya same ni ina cire ciyawa a gindin wani dashe. Ya tsuguna kusa da ni da ƙyar, gwiwarsa ta yi ƙara irin ta Baba.

Ya ce, "'Yata, a ofis in ka yi kuskuren shekara ashirin, kafin a gane ka daɗe da barin kujerar. Ban taɓa sanin fuskar wanda zai zauna a ƙarƙashin abin da na rubuta ba."

Na ce, "To yanzu ka sani, ga ta nan duk gumi. Miƙo mini fartanyar can."

Ya miƙo, bai yi dariya ba. "Ina da tabbaci, kin gane, alƙaluman suna da kyau. Amma abin duniya ne. In lokacin ya yi, ya zamana na yi kuskure, ina roƙonki kada ki gaya wa Yaya. Ki ce masa..."

Sai ya tsaya. Na ga leɓɓansa suna motsi, yana ɗora ashirin a kan shekarun Baba, sannan a kan nasa. Ya juya ya kalli rumfa, inda Baba ke gyangyaɗi da bakinsa a buɗe, sandarsa ta zame ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa.

Na ce, "Baffa, ni ina nan in Allah ya yarda. In ka yi daidai zan gaya wa yara kai ne. In ba ka yi ba, in ce ni ce."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu. Ya miƙe ya tafi rumfa, ya ɗauki sandar ya jingina ta, ya ja kujera ya zauna kusa da yayansa. Ranar bai ƙarasa zagayen ba.